Jibiya: Yunwar da tuwo kaɗai ba ya maganinta

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta da ke jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, sakamakon cutar tamowa.

Ƙungiyar ta ce a tsawon wannan lokaci ta duba yara kusan 70,000, kuma kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su a gadon asibiti.

Sai dai akwai wani adadi a cikin sanarwar wanda bai ja hankalin jama'a kamar sauran ba: yawan yaran da ake kawowa jikinsu a kumbure ya ƙaru da kashi 208 cikin 100, idan aka kwatanta da irin wannan lokaci na shekarar 2024.

Kumburin ƙafafu da fuska ga yaro mai tamowa alama ce ta cewa cutar ta kai matakin da ya fi hatsari. Alama ce kuma ta cewa ɓarnar ta wuce ciki, ta shiga cikin ƙwayoyin halittar da jikin ya ginu da su.

Ƙaramar hukumar Jibiya, wadda ke bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, na daga cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. Wani bincike da MSF ta gudanar tare da ma'aikatar lafiya ta jihar a watan Yulin 2024, a kan yara 2,066 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi, ya nuna cewa a wasu yankunan fiye da kashi 30 cikin 100 na yaran na fama da tamowa.

Tambayar ita ce: ta yaya yankin da motocin hatsi suka shafe shekara da shekaru suna ratsawa ya zama matattarar yunwa? Wani ɓangare na amsar yana wurin 'yan siyasa da jami'an tsaro. Wani ɓangaren kuwa sai an leƙa cikin ƙwayar halitta kafin a gane shi.

Ƙofar gero da wake

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga Kano, ta bi ta Katsina, ta nufi Maraɗi. A Magama ake tsallaka iyaka, a faɗa Ɗan Isa, daga nan kuma kimanin kilomita 50 ne zuwa birnin Maraɗi.

Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, danginsu ɗaya, kasuwanninsu kuma a sarƙe suke tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata layin da ya raba su.

Bisa al'ada, gero da dawa da masara kan tsallaka daga Najeriya zuwa Nijar, musamman a shekarun da damina ba ta yi kyau a can ba. Daga Nijar kuma wake da dabbobi ne ke gangarowa kudu.

Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma kaso mai yawa na waken da manoman Nijar ke fitarwa a tukwanen 'yan Najeriya yake ƙarewa.

Ga ɗan kasuwa wannan ciniki ne kawai. Ga masanin kimiyyar sinadaran jiki kuwa, buhun gero da buhun wake da ke giftawa a Magama abubuwa biyu ne da jikin yaro ke bukatar su haɗu a kwano ɗaya.

Ginshiƙai huɗu

Jikin baligi ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma galibin abin da ke cikin kowace ƙwaya ruwa ne. Idan aka cire ruwan, mafi yawan abin da ya rage manyan sinadarai ne iri huɗu.

Na farko shi ne dangin sitaci da sukari, makamashin da ƙwayar halitta ke ƙonawa. Sitacin da ke cikin tsabar gero doguwar sarƙa ce ta sukarin gulukos, wanda aka jera dubbai a haɗe.

Abin mamaki shi ne, zaren da ya yi karan gero shi ma sarƙar gulukos ɗin ce. Bambancin kawai shi ne yadda aka ƙulla kowane gulukos da na kusa da shi. Hanjin ɗan Adam na da sinadarin da ke warware ƙullin sitaci, amma ba shi da na warware ƙullin kara. Saniya kuwa ƙwayoyin da ke tumbinta ne ke yi mata wannan aiki. Shi ya sa mutum ke cin tsaba, dabba ta ci kara.

Na biyu shi ne maiƙo, wato kitse da mai. Shi ne rumbun ajiyar ƙarfi, domin giram ɗaya na maiƙo na ba da kalori 9, alhali sitaci 4 yake bayarwa. Da maiƙo ne kuma aka yi tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta, ya raba cikinta da wajenta.

Na uku su ne sinadaran gado, DNA da RNA, waɗanda ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera kowane sashe na jiki.

Na huɗu shi ne furotin, sinadarin gina jiki. A shekarar 1838 masana a Turai suka laƙaba masa wannan suna daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke kan gaba, kuma bai ci sunan banza ba.

Sinadaran da ke narkar da abinci furotin ne. Haemoglobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini, furotin ne. Tsoka da gashi da garkuwar da ke yaƙar ƙyanda duk furotin ne. Kusan duk wani aiki da ake yi a cikin ƙwayar halitta, furotin ne ke yin sa.

Carbi mai duwatsu iri 20

Kowane furotin tamkar carbi ne da aka jera da duwatsu iri 20, waɗanda ake kira amino asid. DNA ce ke faɗin wanda zai zo bayan wane, RNA ta kai saƙon, sannan wasu ƙananan masaƙu da ke cikin ƙwayar halitta, da ake kira ribosom, su yi ta jera su ɗaya bayan ɗaya.

Da zarar an gama jerin, sai sarƙar ta nannaɗe ta ɗauki wata siffa ta musamman. Wannan siffa ce ke ba ta damar yin aikinta, kamar yadda haƙoran mabuɗi ke sa ya buɗe kwaɗo ɗaya tak.

Hausawa sun san illar kuskure a wannan jeri, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Cutar amosanin jini, wato sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita, daga sauyin amino asid guda ɗaya take tasowa, a gurbi na shida na ɗaya daga cikin sarƙoƙin haemoglobin. Masanin kimiyya Vernon Ingram ne ya gano haka a Cambridge ta Ingila a shekarun 1956 da 1957.

Wannan ɗan sauyi ya isa ya sa haemoglobin ya manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

A tamowa kuwa umarnin lafiyarsa lau, kayan aikin ne babu. Daga cikin amino asid 20, jikin ɗan Adam na iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 ɗin dole sai daga abinci.

Kuma masaƙar ba ta karɓar madadi. Idan umarni ya ce a sa wani amino asid a wani gurbi, aka duba babu shi, aiki ya tsaya ke nan, komai yawan sauran. Ragowar da ba a yi amfani da su ba sai jiki ya ƙona su a matsayin makamashi.

Wani abu kuma shi ne, jiki na da rumbun sukari a hanta, wanda ke ƙarewa cikin kwana guda ko makamancin haka, yana da rumbun kitse da ke iya kai mutum makonni, amma ba shi da rumbun furotin. Idan ya rasa a abinci, sai ya koma yana rushe tsokarsa domin ya ciyar da zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa.

Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yaro da wani ɗan tsiri mai launi uku. Idan kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ya gaza milimita 115, tsirin ya nuna ja, to jiki ya riga ya ci kansa sosai.

Abin da gero ya rasa

Gero ba abincin rainawa ba ne. Kimanin kashi 11 cikin 100 na nauyinsa furotin ne, yana kuma da sinadarin ƙarfe fiye da farar shinkafa. Matsalarsa, shi da dawa da masara, ita ce ƙarancin wani amino asid da ake kira laisin, ɗaya daga cikin tara ɗin nan da jiki ba ya iya haɗawa.

Tun a 1914 masana biyu a Amurka, Thomas Osborne da Lafayette Mendel, suka nuna cewa ɓerayen da aka ciyar da furotin ɗin masara ba sa girma sai an ƙara masu laisin da wani amino asid ɗin mai suna tiriftofan.

Furotin ɗin hatsi na ɗauke da kimanin rabin laisin ɗin da ƙaramin yaro ke bukata. Babban mutum na iya cike giɓin da yawan ci. Yaron da aka yaye kuwa cikinsa ƙarami ne, kuma kokon da ake ba shi galibinsa ruwa ne, saboda haka yakan ƙoshi tun bai samu abin da zai gina jikinsa ba.

Dawa na da ƙarin matsala. Furotin ɗinta kan ƙulle da juna idan aka dafa ta da ruwa, ya yi wa hanji wuyar narkarwa. Wani bincike da aka wallafa a 1981, wanda aka yi kan ƙananan yara a ƙasar Peru, ya gano cewa ƙasa da rabin furotin ɗin dawa jikinsu ke iya tsotsewa, yayin da na alkama ya kai kimanin kashi 80 cikin 100.

Jiƙa hatsi har ya yi tsami, kamar yadda ake yi wajen kamu da koko, na rage wannan ƙulli. Wannan dabara ce da iyaye mata suka gada tun kafin a san dalilinta.

Wake kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma yana da laisin fiye da ninki biyu na wanda ke cikin hatsi. Shi ma yana da nasa rauni, wato ƙarancin wani amino asid mai suna metiyonin, wanda shi kuma gero ke da shi daidai gwargwado.

Ke nan abin da wannan ya rasa, wancan na da shi. Koko da ƙosai, shinkafa da wake, fura da nono, tuwo da miyar da aka sa wa daddawa da ɗan nama ko busasshen kifi: duk haɗin da ke cike giɓin juna ne. Nono da ƙwai da nama kuwa kowannensu na ɗauke da tara ɗin gaba ɗaya, cikin ma'aunin da ya dace.

Idan aljihu ya yi rauni, magidanci ba ya fara rage tuwo. Nama ne ke fara fita daga tukunya, sai nono, sai wake, sai mai. Tuwo ne ke saura, ciki ya cika, ginin jiki ya tsaya.

Iyakar da ake buɗewa ana rufewa

A nan ne siyasa ke haɗuwa da kimiyya.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, da nufin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa. An buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a watan Afrilun 2022.

A tsakanin nan hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa manoma da dama barin gonakinsu, satar shanu kuma ta raba rugage da dukiyarsu. A 2021 gwamnatin jihar, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Jibiya, a wani yunƙuri na toshe wa maharan hanyoyin samun kuɗi.

Duk saniyar da aka kora daji, ƙwaryar nono ce ta ɓace daga kasuwa.

Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024.

Wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashin kayan abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100.

A watan Oktoban 2024 kuma hukumomin mulkin soja na Yamai suka haramta fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Kafin nan, a farkon shekarar, jami'an Najeriya su ma sun riƙa tare motocin hatsin da suka nufi Nijar.

Kowace gwamnati na cewa tana kare cikin talakanta ne. Sai dai rufe iyaka ba ya hana kaya wucewa ta ɓarauniyar hanya, tsada kawai yake ƙara masu, kuma abincin gina jiki ne talaka ke fara haƙura da shi idan farashi ya tashi.

Me ke kumbura yaro?

Wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da a yau ake kira Gana, ita ce ta fara bayyana wannan cuta dalla-dalla a 1933. Bayan shekara biyu ta kira ta da sunan da mutanen ƙabilar Ga ke kiranta, kwashioko, wato ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka cire shi daga nono.

Bayanin da aka daɗe ana koyarwa ya ta'allaƙa ne kan wani furotin mai suna albumin. Hanta ce ke ƙera shi, sarƙa ce mai amino asid 585, kuma shi ne kimanin rabin furotin ɗin da ke cikin ruwan jini. Saboda girmansa ba ya fita ta bangon jijiya cikin sauƙi, don haka yana riƙe ruwa a cikin jini.

Idan albumin ya yi ƙaranci, ruwa sai ya tsiyaye ya taru a ƙarƙashin fata. Ma'aikacin lafiya kan danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna, an tabbatar da cutar.

Hanta kuma kan cika da kitse, domin furotin ɗin da ke ɗauke kitsen daga cikinta ya yi ƙaranci. Gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa.

Hatsarin shi ne, kumburin na iya yaudarar ido, a ɗauka yaro ƙiba ya yi, har sai lokaci ya ƙure.

Sai dai masana ba su gama yarda cewa ƙarancin furotin kaɗai ne sanadi ba. A farkon shekarun 1980, Michael Golden, wanda ya yi bincike a Jamaika, ya nuna cewa kumburin na iya sacewa tun kafin albumin ya ƙaru a jini.

Wasu sun ɗora laifin kan gubar afalatoksin, wadda wani irin fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Wani bincike kan tagwaye a Malawi, da aka wallafa a 2013, ya nuna cewa irin ƙwayoyin da ke zaune a hanjin yaro na da hannu a ciki.

Abin da babu gardama a kansa shi ne yadda yunwa da cuta ke taimakon juna. Bangon hanji na sabunta kansa cikin 'yan kwanaki, aikin da ke cin furotin mai yawa. Idan ya kasa, sai gudawa. Garkuwar jiki ta yi rauni, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro su sami hanya, su kuma ƙara ƙona abin da ya rage a jiki.

Shi ya sa asibitoci ke cika daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa.

Darasin Maraɗi

Jikin da yunwa ta daɗe tana ci yakan rage duk wani aikin da ke cin ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani furotin da ke cikin tantanin kowace ƙwayar halitta, wanda ke aiki kamar famfo, yana fitar da sinadarin sodiyam, yana shigo da fotasiyam. Jens Skou na ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957.

Idan famfon ya yi sanyi, gishirin jiki sai ya rikice, zuciya ta yi rauni. A wannan hali, cika yaro da abinci mai nauyi ko ƙarin ruwa barkatai na iya kashe shi.

Saboda haka ne a asibiti ake fara ba shi wata madara mai suna F-75, wadda furotin ɗinta bai kai giram ɗaya a cikin mililita 100 ba, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Sai kumburi ya fara sacewa, sha'awar abinci ta dawo, sannan a koma ga mai ƙarfi.

Wannan magani na bukatar gado da ruwa mai tsabta da ma'aikata, abubuwan da ba su wadata ba a karkara. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin a cikin ƙaramar leda, suka kira shi Plumpy'Nut.

Kowace leda giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Babu ruwa a ciki, don haka ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa, kuma uwa na iya ba ɗanta a gida. Madarar da ke ciki ce ke cike laisin ɗin da gyaɗa ba ta da shi isasshe.

A hayin iyakar Jibiya aka yi wa wannan abinci gwajin da ya fito da shi duniya. A 2005, bayan fari da farin dango na 2004, yunwa ta auka wa Nijar, kuma jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, ita ce ta fi jin jiki. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa ana yunwa a ƙasarsa, amma a wannan shekara MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu ba tare da an kwantar da su ba.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance. Daga baya aka riƙa sarrafa irin wannan abinci a Yamai da Legas da Kano.

Shekaru bayan haka, iyaye mata daga ɓangaren Najeriya sun riƙa tsallakawa da 'ya'yansu zuwa cibiyoyin Ɗan Isa da Madarunfa neman magani, kafin MSF ta buɗe aikinta a jihar Katsina a 2021.

Ina mafita?

Abincin leda magani ne, kuma galibin kuɗinsa daga ƙasashen waje yake zuwa. A sanarwarta ta 2025, MSF ta danganta taɓarɓarewar lamarin da rage tallafin da Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka yi.

Haka kuma ba ya magance tsumburewa, wato gazawar yaro wajen kai tsawon da ya dace da shekarunsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar na cikin wannan hali, a jihar Katsina kuwa kimanin shida cikin kowane goma.

An taɓa yin lokacin da hukumomin duniya suka ɗora komai kan ƙarancin furotin, har a 1974 masani Donald McLaren ya soki wannan ra'ayi, yana mai cewa ƙarancin abincin ne baki ɗaya matsalar. Gaskiya ne cewa yaron da bai samu isasshen makamashi ba zai ƙona furotin ɗin da aka ba shi maimakon ya yi gini da shi.

Amma wani bincike da aka wallafa a 2016 kan yaran karkarar Malawi ya gano cewa waɗanda suka tsumbure na da ƙarancin dukkan amino asid tara ɗin nan a jininsu. Yawan abinci da ingancinsa, ashe, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Masana aikin gona sun yi nasu ƙoƙarin. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar da masarar Sammaz 14, wadda ta fi masarar gargajiya yawan laisin da tiriftofan. A Disambar 2019 aka amince da irin waken cibiyar mai suna Sampea 20-T, wanda ke jure wa tsutsar da ke cinye furen wake da kwansonsa, ko da yake wasu ƙungiyoyi na adawa da shi saboda an sauya masa ƙwayoyin gado. A Nijar kuma an fitar da geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a 2018.

Sai dai iri, komai kyansa, sai an samu gonar da za a shuka shi cikin kwanciyar hankali, da kasuwar da za a kai shi.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa ta Jibiya. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, abin da ya bar makomar ciniki tsakanin ƙasashen biyu a hannun duk wata fahimtar da Abuja da Yamai za su iya cimmawa.

Masu tattauna batun iyaka kan yi maganar haraji da tsaro da fasa-ƙwauri. Ba kasafai ake jin an ambaci farashin mudun wake ko na ƙwaryar nono a teburinsu ba.

Likitoci kuwa sun yi ittifaƙin cewa kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne lokacin da ake gina ƙwaƙwalwa da ƙashi, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a maido da shi gaba ɗaya. Iyakar Jibiya ta shafe kusan tsawon waɗannan kwanaki a rufe tsakanin Agustan 2019 da Afrilun 2022.